Ƙwallon da Ban Gani Ba

Talata, 1 ga Agusta, 4:10 na yamma

Na dawo daga wurin likitar ido. Awa biyu a bas zuwa, awa biyu dawowa, duk don a ɗiga mini magani a dalle ni da fitila kamar an kama ɓarauniya. Ba zan rubuta sunan abin ba, ya yi tsawo, kuma ba ni na gayyato shi ba. Baƙo nake ce masa. Tun watan Afrilu ya sauka a tsakiyar idona na dama, wani tabo toka-toka, duk inda na kalla sai in tarar ya riga ni zuwa. Yanzu wai ya fara leƙa na hagu.

Likitar yarinya ce, na haife ta da jikoki. Ta ce, "Mama, wane aiki kike yi?"

Na ce ni ce marubuciyar wasa a filin besbol na garinmu, shekara talatin da ɗaya.

"Au, ƙirga maki?"

Na ce ƙirga maki ai ko ɗan aji ɗaya ya iya. Idan mai duka ya doki ƙwallo ya ruga ya isa zangon farko lafiya, ni ce mai yanke hukunci: ko shi ne ya iya, in rubuta masa bugu, ko mai tsaron fili ne ya yi sake da abin da ya kamata ya cafke, in rubuta masa kuskure. Abin da fensirina ya rubuta kuwa ya zauna ke nan, ko bayan an binne mu duka.

Ta ce, "Ƙwallon, girmanta kamar yaya?" Na dunƙula mata hannu. Ta ce, "Daga nisa nawa kike kallo?" Na ɗauki jakata na yi mata sallama.

Saura wasa goma sha huɗu a gida. Zan kai ƙarshe. Babu wanda ya sani.

Juma'a, 4 ga Agusta, 7:30 na safe

Na gano dabara. Idan na kau da ido gefe, ina hango abu da wutsiyar ido. Jiya haka na yi wasan gaba ɗaya, fuskata tana kallon rumbun alkama da ke bayan katanga, hankalina yana kan fili.

Arlen ya lura. Shekara ashirin da shida muna zaune kafaɗa da kafaɗa a ɗakin nan na sama, shi da makirfon rediyonsa, ni da fensirina, kuma bai taɓa barin abu ya wuce bai sa baki ba. Ya toshe makirfo da hannu ya ce, "Ke tsohuwa, wa kike harara a rumbu? Wasan yana nan ƙasa."

Na ce, "Ka ji da surutunka. Rabin masu sauraronka barci suke yi a kan tarakta."

Eladio ne ya yi jifa. Ikon Allah! Mutum mai shekara talatin da takwas, gwiwar hannu ɗinkakkiya tun daga nan har nan, wanda ya taɓa yin kwana goma sha ɗaya a babbar gasa aka sallamo shi, tun lokacin yake yawon ƙananan garuruwa irin namu. Ƙarfin ya tafi, saura wayo. Yana da wata ƙwallo da yake sakewa da irin wurgin da yake wa ƙwallonsa mai gudu, amma sai ta taho kamar ta gaji a hanya. Samari majiya ƙarfi su kai mata duka tun ba ta iso ba, su juya a wuri ɗaya, su koma benci suna duba sandarsu ko ta huje. Ya ce bana ce shekararsa ta ƙarshe.

Na rubuta komai daidai.

Lahadi, 6 ga Agusta, 6:00 na yamma

Baƙon yana nan. Na rubuta komai daidai.

Laraba, 9 ga Agusta, 11:15 na safe

Ƙungiyarmu ta tafi wasa wasu garuruwa, gari shiru sai motocin girbi. Na zuba gishiri a kofi. Na gaishe da akwatin wasiƙun maƙwabta, na ɗauka matar gidan ce a tsaye. Na yi dariya ni kaɗai har na zauna a matakala, daga nan kuma abin ya daina ba ni dariya.

Wani abu da na lura kwanan nan: Arlen ya ƙara surutu. Da can sai ya ce, "Ta tafi zango na uku, an fitar da shi." Yanzu sai ya bi ƙwallon daki-daki, ta yi tsalle biyu, ta zo daidai ƙirjinsa, taku ɗaya ya yi zuwa hagu. Tsufa ne, ina jin. Ni dai ya yi mini amfani.

Lahadi, 13 ga Agusta, 5:40 na yamma

Sai na rubuta wannan tun yana da zafi.

Shekara saba'in da biyu da gina filin nan, ba a taɓa samun mai jifan da ya fitar da mutum ashirin da bakwai, wasa ya ƙare, ba tare da ko ɗaya ya samu bugu a kansa ba. Mahaifina ya mutu yana jira. Yau Eladio ya hau tudun jifa ƙarfe ɗaya da minti biyar, ya taɓa goshi da ƙirji, alamar gicciyen da yake yi kullum, ya fara.

Zagaye uku na farko, mutum tara, babu ƙwallon da ta bar tsakiyar fili. A na huɗu ya fitar da uku da jifa goma. Ba na ganin ƙwallon a hanya, baƙo yana haɗiye ta, amma ina jin saukarta a safar hannun mai cafka da ke bayan mai duka, kuma tunda nake ban taɓa jin sauka iri ɗaya haka ba. Inda aka ajiye masa safa, nan take zuwa. A na biyar babban mai dukansu, wani ƙato da ya fi kowa bugu a gasar bana, ya kai wa gajiyayyar nan duka har ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Ya tashi, ya dubi Eladio, ya girgiza kai yana murmushi. Tsigar jikina ta tashi.

Daga nan kowa ya san abin da ke faruwa, kuma kowa ya kama bakinsa, don ba a ambatonsa, kada baki ya ɓata shi. 'Yan wasa suka tattare a ƙarshen benci suka bar masa rabi shi kaɗai, ba mai ce masa sannu. Mai gyaɗa ya daina tallarsa. Arlen, wanda da baki yake cin abinci, cewa kawai yake yi, "Jama'a, in kuna kusa, ku kashe injin ku taho fili. Ba zan ce komai ba. Ku dai taho." Suka taho kuwa, da ƙurar gona a wuyansu, suka tsaya a bayan katanga.

A na shida mai tsaron tsakiya ya bi wata ƙwallo da gudu, bayansa a juye, ya cafke ta a saman kafaɗa ya daki katanga. Na gan shi da wutsiyar ido. Yaron da duk bana nake rubuta wa kuskure! Yau kowa ya fi kansa.

Sai na bakwai. An fitar da biyu. Mutum dubu huɗu sun yi tsit, har ana jin jirgin ƙasa can wajen gada. Mai duka ya same ta sosai, ta nufi wajen Renner, mai tsaron zango na uku. Na ji ƙarar sanda. Na ji wata ƙara siririya, ƙas. Na ji jiki ya bugi ƙasa. Da na karkato ido, ƙwallo tana gangarawa a ciyawa, mutum yana tsaye a zangon farko.

Arlen bai ce uffan ba. Yau ɗaya, a wuri ɗaya da nake bukatar bakinsa.

Duk filin ya juyo ya ɗaga kai yana kallon tagata. Akwai maɓalli biyu a gabana, ɗaya bugu, ɗaya kuskure. Akwai kuma al'adar da kowane marubucin wasa ya gada: a rana irin wannan, bugun farko sai ya zama tsarkakakke, wanda babu gardama a kansa. Na danna kuskure. Ihun da aka yi har gilashin taga ya amsa.

Ya fitar da bakwai da suka rage kamar yana tsinkar tumatir. Na ƙarshe ko motsa sanda bai yi ba. Muka ci biyu da babu. Suka ɗauke shi a kafaɗa, shi kuwa ya rufe fuska da hula yana kuka. Arlen ma kuka yake a makirfo. Na ga abin da mahaifina bai gani ba.

Na gani. Kusan duka.

Litinin, 14 ga Agusta, 8:00 na safe

Ban karya kumallo ba. Dokar gasarmu ta ba marubuci kwana uku ya canza hukunci. Laraba, ƙarfe biyar.

Litinin, 3:20 na yamma

Babu wanda ya yi ƙorafi, ko ƙungiyar da muka cinye ma. A kantin burodi an ƙi barina in bi layi. Wata mata ta rungume ni ta ce Allah ya bar mana idanun nan nawa.

Kyamarar ƙungiya guda ce, mai jifa da mai duka kawai take kallo. Na tambayi Arlen a fakaice, yaya ya ga ta bakwai ɗin nan.

Ya ce, "Wace gani? Ai da na ji ƙarar sandar nan runtse ido na yi, na ce shi ke nan, ta ƙare." Sannan ya ce, "Marlys, ki yafe mini. Wata uku ina bin miki kowace ƙwallo, sai wannan na sake."

Wata uku. Ashe ba tsufa ba ne. Na ce masa munafuki, tsohon banza, na juya baya don kada ya ga fuskata.

Talata, 15 ga Agusta, 12:30 na rana

Na tare Renner a wurin ajiye motoci. Tun kafin in rufe baki ya ce, "Kuskurena ne, Mama. A hannuna take, na sake ta."

"A wane ɓangaren safar ta same ka?"

"Kuskurena ne."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Ki rubuta mini guda goma in kina so, wallahi ko a jikina."

Ga mutumin da a watan Yuni ya yi sati biyu ba ya gaishe ni saboda kuskure ɗaya. Yanzu roƙona yake yi in bar masa shi.

Talata, 4:45 na yamma

Na je na sami Eladio. Yana zaune a benci shi kaɗai, hannu a cikin ƙanƙara. Ya miƙe ya ce, "Mama Marlys! Uwata ta ce in gaishe ki, ta sa an karanta mata jaridar sau huɗu a waya."

Na ce ya zauna. Na faɗa masa duka, baƙon da wata huɗun da na yi ina ɓoyewa. Na ce, "Ban ga ƙwallon nan ba, Eladio. Na danna ne kawai."

Ya daɗe yana kallon tudun jifa. Na jira ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ni ma ban gani ba, jifan ya juyar da ni wancan gefen. Amma kin ji ta?"

"Na ji."

"To ai shi ke nan! Shekara talatin da ɗaya kina jin ƙarar nan. Kunnenki ya fi idon rabin alƙalan gasar nan, Allah kuwa. Gobe ƙarfe goma ki zo ki zauna a kujerarki, zan nuna miki. Sai ki daina wahalar da kanki."

Ya ɗauka taimakona zai yi. Ni kuwa tsoron goben nake.

Laraba, 16 ga Agusta, 1:10 na rana

Fili babu kowa sai mu huɗu. Na hau sama na zauna, taga a buɗe kamar ranar Lahadi. Arlen ya ɗaure mini ido da gyalena, ya ce, "Ba don ana bukata ba." Na kai masa gwiwar hannu a haƙarƙari.

Eladio ya ɗauki sanda yana doka wa Renner ƙwallo, shi kuma yana tare ta da inda ya ga dama a safar, ya bar ta ta faɗi. Ni in faɗi wurin.

Fam. Na ce aljihun safa. Arlen ya ce daidai.

Tim. Gindin tafi. Daidai.

Fam. Tim. Tim. Ban san na san wannan abin ba. Shekara da shekaru ina tsammanin da ido nake aiki, ashe kunne yana can yana tara nasa ban sani ba. Duk wadda na faɗa sai Eladio ya yi ihu daga ƙasa, "Kun ji ko? Kun ji matar nan?" Har da rawa, Arlen ya ce. Ni kaina mamaki ya cika ni, har na manta abin da ya kawo mu.

Ta goma sha biyu ya doke ta da ƙarfi, nesa da Renner. Na ji takunsa, na ji ƙas, na ji jiki ya bugi ƙasa.

Na ce, "Bakin yatsu. Ya miƙe iya tsawonsa, da ƙyar ya taɓa ta."

"Sha biyu cikin sha biyu!" in ji Arlen.

Eladio ya ɗago murya yana dariya. "To Mama, faɗa musu! Ranar Lahadi wacce kika ji?"

Na kwance gyalen. Ba na ganin fuskarsa, baƙo ya zauna a kanta, sai hannuwansa biyu a buɗe da sandar a ɗaya. Da na ce fam, da shi ke nan. Babu mai ƙaryata ni a duniya, ga shaidu uku sun ga kunnena ba ya kuskure.

Na ce, "Wannan ta ƙarshen."

Eladio ya ce, "Renner?"

Renner bai ɗago kai ba. Ya ce, "Babu mahaluƙin da zai kama ƙwallon nan, Yaya. Na yi iya yina, na rantse."

Na sani tun ranar Lahadi. Na rubuta ƙarar a nan da hannuna, shafi huɗu baya, na wuce ta kamar ban san ta ba. Ba makanta ce ta danna maɓallin nan ba. So nake ya samu, kamar kowa.

Eladio ya ajiye sandar a hankali ya shige ciki. Na ji ƙofa ta rufe. Ina ƙaunar mutumin nan kamar ɗan cikina, kuma ni ce na ƙwace masa abu ɗaya da zai koma gida da shi.

Laraba, 6:30 na yamma

Ƙarfe huɗu na buga wa ofishin gasa. Na ce hukuncin zagaye na bakwai ya canza, bugu ne. Na ce kuma su nemi wani daga gobe, na gaya musu dalili. Mutumin ya ce, "Kin san garinku ba za su yafe miki ba?" Na ce na san garinmu tun kafin a haife shi. Ya ce to in gyara ainihin takardar in sa hannu, in aiko hotonta kafin biyar.

Na shimfiɗa takardar a tebur. Gida-gida ne ƙanana, tamanin da ɗoriya, na cika irinsu sun fi dubu ɗari. Na nemi gidan na rasa. In na kalle shi ya ɓace, in na kau da ido fensir ya sauka a na kusa da shi. Hawaye kuma suka zo suka ƙarasa abin da ya rage. Arlen ya ce bari ya yi mini, na ce in ya taɓa takardar nan sai na karya masa yatsa. Biyar saura kwata.

Sai na ji taku a matakala, mai nauyi, ana jan ƙafar hagu. Shekara uku yana wasa a garin nan bai taɓa hawowa ɗakin nan ba. Ya yi wanka ya sa farar riga, yana ƙamshin man zafi. Ya tsaya a taga yana kallon fili.

Ya ce, "Ashe daga nan haka muke, 'yan mitsi-mitsi."

Na ce, "Eladio..."

"Na kira uwata. Ta ce bugu ɗaya a wasa guda, wannan ma ai sai a yanka akuya." Ya yi 'yar dariya. "Raina ya ɓaci, Mama, ba zan ɓoye miki ba. Zai daɗe a ɓace. Ina wurin?"

Na ce na kasa samunsa.

Ya sunkuyo ta bayana. Ya bi layin da yatsa yana karanta sunayen mutanen da ya fitar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai karatu a coci. Ya ɗauki magogi ya share kuskuren Renner da kansa, ya hure takardar. Sannan ya kama hannuna da hannun nan nasa na dama, wanda ya yi abin da na ji ranar Lahadi, ya ɗora bakin fensirin a tsakiyar gidan. Hannun yana da ɗumi.

Ya ce, "Rubuta shi da kyau, Mama. Shi kaɗai suka samu a kaina."

Na rubuta shi da kyau.